Keken Kilo Bakwai

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, jikokina.

"Inna, ina kekena?" Nuraddeen, da ya zo ganin gida Gummi, ya tambayi mahaifiyarsa. Keken tsere ne na ƙungiyarsu ta Abuja, naira miliyan goma sha biyar, ga gasa jibi.

"Wanga siririn abu, ba kariya, ba ƙararrawa? Tausayinka na ji, na musanya maka da mai ƙwari wurin Haladu mai faci."

Nuraddeen ya san abu guda. In Haladu ya gano kuɗin keken, shi ke nan.

Sai ga sallama da ƙarfi. Haladu ne, saɓe da keken, ido jajir.

"Inna Tabawa, ki ji tsoron Allah! Duk kasuwar Gummi ba wanda yat taya. Ba wurin ɗaura buhun shinkafa. Mai gwangwan ya aza a sikeli, kilo bakwai, ya ce ba ma ƙarfe ba ne. Ba ni kekena!"

Haladu ya tafi da kekensa yana hamdala. Nuraddeen ya kama hanyar Abuja da nasa. Inna kuwa har yau tana tausayin ɗanta.