A Ƙara

Tun da aka hana feshin guba, kowane lambu aka kafa masa lasifika mai faɗin abin da shuka take ji.

Albasar Tasalla ta yi ta cewa, "Ƙaiƙayi." Kawunta Barau ya kakkaɓe ganyen a kan farin ƙyalle, sai ga ƙwari sirara, masu tsotse ganye su bar shi fari-fari.

"Jiƙa darbejiya da sabulu ki riƙa fesawa," in ji shi.

Kullum tana fesawa. Ran nan lasifikar ta ce, "A ƙara."

"Kawu, ka ji ta samu sauƙi."

Barau ya murza ganye, ya marmashe a hannunsa.

"Albasar nan ai ta riga ta mutu."

Lasifikar ta sake magana, muryoyin ƙwarin nan barkatai a haɗe: "Tasalla, a ƙara."