Tsarabar da Hajiya Ta Kai Erdington

Nuru ya zazzage durowar kicin sau uku, ya leƙa bayan firji, bai ga ledar alawar ba.

Ɗalibi ne a Manchester, yana zaune a unguwar Hulme. Tun da ya je taro Kanada ya ga ana sayar da wiwi a shago, bakinsa ya buɗe. "Da tana da illa, gwamnati za ta halatta?" Haka yake ce wa duk wanda ya yi masa magana. Da mahaifiyarsa ta zo bikin kammala karatunsa, sai ya bar hayaƙi don kada ta ji wari, ya koma alawa mai wiwi. Wai shi mai dabara.

Da safen nan ya sa Hajiya a jirgin ƙasa, za ta unguwar Erdington a Birmingham wajen yayarsa Rahmatu da 'yarta Hana. Sai yanzu ya gane inda ledar ta tafi. Hajiya ba ta shiga gidan yara hannu rabbana.

Ya kira Rahmatu.

"Yaya, Hajiya ta iso?"

"Yanzun nan. Ga Hana can ta ƙwace tsarabarta, wasu sweets. Lafiya?"

Maganar ta zo masa har baki. Ya tuna Hajiya na kusa, kunya ta hana shi faɗa. "Lafiya lau," ya ce, ya kashe.

Ya zauna, ya miƙe, ya kai ya kawo. Ya ce wa kansa ƙila ɗaya za ta sha. Sai da minti arba'in suka wuce ya sake kira, ya ji Rahmatu tana ihu: "Hana ba ta motsi! Mun kira ambulance!"

Sai a lokacin ya faɗa mata abin da ke cikin alawar.

Yarinya 'yar shekara huɗu ta shanye ledar kaf. Kwana biyu na'ura na taya ta numfashi. Likita ya ce da an kawo ta da wuri, da abin bai kai haka ba.

A barandar asibiti Nuru ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. Ba ta kalle shi ba, tafin hannunta take kallo.

"Da hannun nan na ba ta," ta ce. "Har da bisimilla."

Hana ta tashi. Hajiya kuwa ta koma Kano ana saura kwana uku bikin.

Jama'a, don doka ta halatta abu a wata ƙasa, ba ta cire masa guba ba. In kuma rai na cikin haɗari, a ajiye kunya a yi magana nan take.