Mai Zanen Hular da Ya Kori Ɓarayinsa

Tunda ka ce ba za ka huta ba sai ka ga bayan duk wanda ya taɓa maka kaya, gyara zama in ba ka wani misali, in ya so ka yi yadda ka ga dama da shi.

An yi wani mai zanen hula, mutum mai hannu, wanda idan ya ja layi a takarda sai ka rantse zare ya riga ya hau. Daga shi sai alƙalaminsa a wani ɗan shago, kuma ba shi da wani buri da ya wuce zanensa ya shiga duniya da sunansa a jiki. Da zamani ya zo, sai ya riƙa saka zanen a wata kasuwar intanet. Mai so ya biya, ya buga a takarda, ya kwafa a kan yadi, mata su bi da allura. Wata rana yana dube-dube a kasuwar sai ga zanensa a shagon wani da bai taɓa jin labarinsa ba, an kankare sunansa daga gefe, ana sayarwa da arha kamar ragowar tumatir da yamma. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma yana da gaskiya, don guminsa ne. Ya kai ƙara wajen masu kasuwar, suka ce ya kawo hujja. Ya tura musu hoton zanen tun yana fensir, aka ɗan ja masa rai, sannan aka sauke na ɓarawon. Ranar har dariya ya riƙa yi shi kaɗai a shago.

Bai gama murna ba sai ga zanen a wani shagon, sai ga wani zanen a na gaba. A sauke nan, ya ɓullo can. Nan fa mutumin naka ya ajiye alƙalami ya rungumi waya, ya wayi gari da ƙara, ya wuni da ƙara. Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Sai ya zauna ya yi wani tunani da ya ɗauka hikima ce: ɓarawo ba daga sama ya faɗo ba, sai da ya saya kafin ya sata. Ashe ke nan duk mai saye ɓarawo ne da bai samu dama ba tukuna. Ya daina sayar wa wanda bai sani ba. Daga nan ya fara kallon waɗanda ya sani da wutsiyar ido. Ya ƙaurace wa majalisarsu ta gindin darbejiya, don kawai wani abokinsa ya ce ya nuna masa abin da yake zanawa.

Gab da Sallah sai ga wata tsohuwa mai ɗinkin hula ta tako har shagon. Ita ce ta ɗinka zanensa na farko tun ba wanda ya san shi.

Ta ce, "Ɗan nan, ina sabon zane? Matan gidanmu suna zaune da allura a hannu."

Ya ce, "Iya, sai kin rantse ba za ki ba kowa ba, kuma ba za ki bari a ɗauki hotonsa ba."

Ta dube shi ta ce, "Hula fa za a ɗinka, ɗan nan. A ka ake sa ta a shiga kasuwa da ita. Ko so kake in ɗinka in sa a tukunya in rufe?"

Ta gyara mayafinta ta fita. Ba ta sake dawowa ba, shi kuma girman kai ya hana shi aika mata. Bayan tafiyarta ya yanke shawarar ƙarshe: ya kwashe zanensa kaf daga kasuwar, wai in babu kaya ai babu abin sata. Ya ci gaba da bin ragowar ɓarayin ɗaya bayan ɗaya, har Allah ya kawo ranar da aka sauke na ƙarshe. Ya bincika sama da ƙasa, babu ko ɗaya. Ya yi nasara tas, wannan kam ba a ƙwace masa. Ya ɗauki waya zai yi wa wani albishir, ya bi sunaye har ƙasa, bai samu wanda bai taɓa zarga ba. Ya kife wayar ya zauna, kaɗaici ya rufe shi.

Ranar Idi ya samu wuri a sahun baya. Kafin a tayar da salla ya ɗaga ido ya bi kawunan da ke gabansa, huluna sababbi fil iya ganinsa, na yara da na manya. Ya duba dama, ya duba hagu, har wuyansa ya ƙage. Duk zanen wasu ne. A filin nan gaba ɗaya kai ɗaya ne ke ɗauke da zanensa, shi ne nasa, hular ma ta bara ce, bakinta ya fara zarewa.

Ban ce ka bar wa ɓarawo haƙƙinka ba, bi abinka a sauke. Amma ka riƙa waiwayen abin da ka fito tsarewa, don Hausawa sun ce kada garin neman gira a rasa ido.