Hannun da Ya Saba

Ta ja mayafin ta rufe fuskar yaron, ta daidaita gefensa, ta ce wa uwar, "Sai haƙuri, baiwar Allah." Ko rawa muryarta ba ta yi ba. Kafin a fita da matar tana kururuwa, har an kwantar da wani a gadon.

Haka babbar nas ta koya mata tun tana sabuwar nas a ɗakin yara na asibiti, ranar da ta same ta tana kuka a bayan ƙofa. "Ƙanwata, a haka ba za ki kai ko'ina ba. Ki riƙa barin zuciyarki a gida, ki zo mana da hannu kawai."

Ta kuwa ji magana. Hannun ya ƙware, har abokan aiki suka sa mata suna Dutse.

Da la'asar ta koma gida a gajiye. Ta tarar 'yarta ta yi barci a doguwar kujera da kayan makaranta a jiki, hannu ɗaya yana reto. Ta ɗauko mayafi ta lulluɓe ta.

"Ke! Mene ne haka?" mijinta ya daka mata tsawa.

Ta duba. Ashe har fuskar ta rufe, ta ma daidaita gefen.

"Umma, ba na iya numfashi," in ji 'yar murya daga ciki.

Ta fizge mayafin, ta buɗe baki za ta lallashe ta. Abin da ya fito, da muryar nan da ba ta rawa, shi ne, "Sai haƙuri."