Jakar Abdulai

Ishawu ya zaro ƙarfen kwance taya daga but ɗin bayan tasinsa, ya cusa shi a hannun riga, ya hau hawa na uku na gininsu a unguwar Park Hill ya laɓe bayan ƙofar matakala. Ko azahar ba ta yi ba, ga gari cike da fasinja. Yau kam kowa ya taka da ƙafarsa.

Kwana ashirin da uku ke nan wayar ƙanensa Abdulai tana kashe.

Shi Abdulai ƙafarsa ƙaiƙayi take yi. Sai ya yi wata tara yana jera kaya a wani kanti a Port Richmond, rana ɗaya ya saɓa koriyar jakarsa ta goyo ya ɓace. Inda manya suke kama otal a bakin teku, shi a lungun bayan otal ɗin yake kwana, mutum takwas ɗaki guda, gado bisa gado. Ya ci soyayyen kifin bakin titi, da safe ya faɗa teku ɗaya da su, tunda ruwa bai san mai hali ba. Daga Santo Domingo zuwa Panama zuwa Bogota, kullum sai ya turo hoto, baki kamar gonar auduga.

Saƙonsa na ƙarshe daga wani ƙauyen masunta a Kolombiya ya zo. Wai ya gamu da wani mutumin Damagaram, Ɗanlami, matafiyi irinsa, har sun haɗa ɗaki da kwano. Ishawu ya gargaɗe shi cewa ba duk mai jin Hausa ne ɗan'uwa ba. Yaron ya turo dariya. Daga nan shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Sai ga shi shekaranjiya an ƙwanƙwasa ƙofa, Ishawu yana wajen aiki, mahaifiyarsu Hajiya Hawawu ita kaɗai a gida da hawan jininta. Wani dogon mutum ne ramamme, da koriyar jakar a bayansa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce sunansa Ɗanlami. Ta tambaye shi Abdulai. Sai ya bi falon da ido, idonsa ya tsaya a kan teburin da magungunanta suke kusa da talabijin, ya ce ina mazan gidan, kuma ƙarfe nawa suke dawowa? Ta zubo masa wake da shinkafa, ko loma bai yi ba. Ya tashi ya tafi da jakar.

Jiya ma ya dawo gab da azahar, tambayar dai ita ce.

Ishawu ba yaro ba ne, shekara goma sha biyu yana tuƙi a birnin nan. Mutum ya zo da jakar ƙanenka, ba ƙanenka, ya ƙi cin abincin gidanku, yana binciken lokacin da tsohuwa take zama ita kaɗai. Wannan ai ba sai an buga ƙasa ba. Tsoro da baƙin ciki suka hana shi ko kurɓar ruwa. Ƴan sanda kuwa ya riga ya gwada su, sun ce baligi yana da ikon kashe wayarsa.

Yana nan laɓe, sai ƙofar lifta ta buɗe, koriyar jakar ta fito.

Bugun farko a gwiwa ya sauka. Mutumin ya zube, Ishawu ya damƙi igiyar jakar ya ja shi ƙasa har bakin matakala, ya gwara kansa da bango.

"Ina ƙanena?"

"Kai ne yayan? Alhamdu lillahi. Malam, mu sauka ƙasa mu yi magana."

"A ƙasa mutanenka suke jira ke nan! Ina Abdulai?"

Ƙarar ta fito da maƙwabta. Hajiya ma ta buɗe ƙofa, tana dafe da bango, tana salati. Mutumin ya ɗaga kai ya dube ta, jini yana bin girarsa, sai ya datse bakinsa.

Wannan shirun ne ya ƙarasa haukata Ishawu. Ya kai masa a haƙarƙari, ya ƙara. Mutumin bai rama ba, bai yi ihun neman ceto ba, hannuwa kawai ya ɗaga ya kare fuska. Ƙarfen ya same su, ƙashi ya ce ƙas, na dama, sannan na hagu. Haƙori guda ya gangara kan siminti.

"Faɗi! Uwarsa ga ta nan, faɗa mata abin da ka yi masa!"

"Ba a nan ba," in ji shi, da kyar. "Don Allah, ba a nan ba."

Nimatu, ma'aikaciyar jinya da ke ɗakin kusa da su, ta tuna da hawan jinin Hajiya. Ta rungumo ta ta mayar ciki, ta turo ƙofa. Daga nesa jiniya ta fara tasowa. Ishawu ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu, ya saita tsakiyar kai.

Mutumin ya juyo da kumburarren idonsa wajen ƙofar.

"An rufe? Hajiya ba ta ji?"

Ishawu ya tsaya, ƙarfen yana sama.

"To, madalla. Wannan magana ba a faɗa wa uwa kai tsaye, sai ta bakin namijin gida." Ya tofar da jini, ya miƙo karyayyun hannuwansa. "Igiyar ruwa ce ta ja shi. Da waɗannan na tsamo shi, da su na yi masa wanka, na haƙa masa kabari. Allah ya ba ku haƙuri."