Abin da Ya Tsayar da Jirgin Mushe Naziru

"Ki kwashe kayanki ki koma Matankari!" Mushe Naziru, kamar yadda ɗalibai ke kiran malamin, ya daka wa gwaggonsa tsawa.

Ƙaramin jirgin ƙasan da ya haɗa a kan katako ne ya ƙi tafiya, gobe kuma za a baje shi a lise, sakandaren da yake koyarwa. A babban layi yana gudu lafiya. Da ya karkata shi layin gefe, mai ratsa kogon kwali, sai kuran, wato lantarki, ya ɗauke. Ya sake waya, ya sake batir, a banza. Malamin kimiyya guda, amma da waya ta gagare shi sai ya tuna da iskoki.

"Tunda kika zo da turarenki na bori komai ya tsaya. Gidan sunna ne nan!"

"Mi ya haɗa doguwa da wayarka, ɗan nan?" in ji Gwaggo Dije.

Matarsa Husaina ta gaji da ihun. Ta fizge kogon kwalin. Ga laya naɗe da wayar tagulla, kwance a kan ƙarafan layin guda biyu, ta haɗe kuran.

"Kin gani! Asirinta ne!" in ji Naziru.

Gwaggo ta ɗauka, ta jujjuya. "Aikina ne, ban musa ba. Amma daga hularka ta faɗo. Ita ce ka zo kana kuka na yi maka, sa'ad da Husaina ta ce ba ta sonka."

Husaina ta ajiye kwalin a hankali.

"Gwaggo, jira in ɗauko mayafina. Tare za mu tasha."