Zoben Amortisa

Arzika yana ƙarƙashin wata tsohuwar mota Hilis sai ya ji ƙugin injin da bai saba ji a garejinsa ba. Ya leƙo. Jar mota ce mai ƙofa biyu, irin ta 'yan gudu, cikinta na sharar ƙasa. A Tahoua irin wannan sai dai a yi ta zagayen kwalta ana burge 'yan mata, ko nan kusa Affala ba ta kai mutum.

Wanda ya fito daga ciki kuwa bai yi kama da mai burge kowa ba. Dogo ne, ya naɗe fuska da rawani, idanunsa jajir. Sallamarsa ma a guntule take.

"Amortisa nika so, yanzu-yanzu. Wadda ba ta girgiza ko kaɗan. Barmou za ni."

Arzika ya fito da iri biyu na amortisa, ƙarfen da ke shanye girgizar ƙafar mota. Ɗaya gajera mai tauri, ta masu son mota ta manne da kwalta. Ɗayar mai laushi, da zoben ƙarfe biyu a jikinta: a murza na sama mota ta ɗaga, a ɗaure na ƙasa ya kulle shi. Ya buɗe baki zai fara yabon kayansa, mutumin ya nuna mai zoben.

Da ya zagaya zai sa jak ne ya ga cikin motar. An cire kujerar gaba. A gurbinta an shimfiɗa dogon katako mai ɗamaru, gefensa an ɗaure wata tukunyar gas siririya, da agogo a kanta da 'yan tiyo-tiyo. Ya tsura wa agogon ido.

Mutumin ya koma gefe da waya a kunne, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kak kowa shi taɓa. Kak ku ɗaga, na ce! Girgiza guda ta isa ta ƙare komi. Ku jira ni nan bakin kasuwa."

Bakin kasuwa. Yau kasuwar Barmou ke ci. Kuma a bakin kasuwar nan, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, mahaifiyar Arzika take zama da ƙwaryar furarta tun kafin ya san riƙe sifana. Abin da rediyo ke faɗi kullum kan bama-baman da ke tashi a kasuwannin wasu garuruwa ya dawo masa tiryan-tiryan. Tsoro ya kama shi.

Wayarsa ta yi ta rawa a aljihu. Ya saci kallo, baƙuwar lamba ce. Wa ya sani ko mutanen mai rawanin ne ke gwada shi? Ya bar ta ta gaji don kanta, ta sake, ya sake ƙyale ta.

Ya haɗa duka huɗun, yana yi yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Da ya gama, baƙon ya karɓi kofin shayi, ya cika shi da ruwa fal, ya ɗora a kan katakon, ya ce Arzika ya ja motar su bi ta hanyar jar ƙasa. Ruwa ya zuba, aka dawo aka sassauta. Ya sake zuba, aka ƙara ɗagawa. Sai da kofin ya je ya dawo bai yi ɗigo ba, sannan mutumin ya sauke numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi." Wannan hamdalar ta fi komai tayar wa Arzika da hankali.

Ya yi ihu? A nan za a fara da shi. Ya bar motar ta tafi lafiya? To da hannunsa ya gyara mata hanya zuwa gindin bedin nan.

Baƙon ya juya baya yana duba ɗaurin tukunyar. Arzika ya ce bari ya yi duban ƙarshe, ya kwanta, ya sa sifana ya kwance zoben kulle na ƙafafun baya, ya bar su riƙe da bakin zare kawai. Ya san aikinsa. Hanyar Barmou za ta yi ta warware su a hankali, sai wani rami ya zo, bayan motar ya zube a kan dutse. In abin zai tashi, ya tashi a daji inda babu kowa.

Motar na ɓacewa ya kira wayar Inna, a kashe. Ya kira ta ƙanwarsa Rahinatu, ba ta shiga. Ya hau babur zai je wurin jandarma, ya kai rabin hanya ya tuna za a tambaye shi wa ya gyara motar, ya juyo. Ya zauna a kan tsohuwar taya, kunnensa na arewa, kowace ƙarar ƙofa sai ya zabura. Azahar ta wuce. Da aka kira la'asar bai ji komai ba, ya fara cewa a ransa zoben ya yi aikinsa, Allah ya tsare Inna.

Baƙuwar lambar ta sake shigowa. Wannan karon ya ɗauka.

"Yaya! Tun sahe nika kiranka da wayar likita, mi ya hana ka ɗauka?" Rahinatu ce, muryarta ta dishe da kuka. "Amalanke ya banke Inna bakin kasuwa, ƙashin bayanta ya taɓu. Manjo, babban ma'aikacin gidan likita, ya ce in ta girgiza sau guda ba ta ƙara tahiya. Motar likita ta lalace, shi ya tai Tahoua da kainai ya aro wata ja, ya ɗauko tukunyar iskar numfashi. Amma kwantar da hankalinka, yanzu munka ɗaure ta bisa katako sun taso, kuma ya ce gwanin makanike ya gyara mai motar."